Inoganik ko kemistirin tsarin sinadarai: wanne ya kamata ka bi a jami'a?

Duk ɗalibin kemistiri da ya kai shekarar da ake cewa ya zaɓi fannin da zai ƙware a kai, ko ya nemi malamin da zai duba masa aikin kammala digiri, yakan tsinci kansa a mararraba. Waɗanda zuciyarsu ke wajen oganik tuni sun yi gaba. Waɗanda suka rage su ne ke kai-komo tsakanin inoganik da ɓangaren fizikal mai binciken tsarin ginin sinadarai, wato yadda ƙwayoyin zarra suke zaune da juna, tazarar da ke tsakaninsu, da dabarun auna hakan. A wasu jami'o'in sashe ɗaya ne ya haɗa su, a wasu kuma kowa da ƙofarsa. Ko ma yaya aka tsara, ranar zaɓi tana nan tafe.

Abin da ke damuna shi ne dalilan da ɗalibai da yawa ke dogara da su. Sai ka ji ana cewa inoganik hadda ce kawai, ka haddace launuka da sunayen ƙarafa ka ci jarrabawa, fizikal kuwa lissafi ne zalla, wanda bai shirya ba ya yi nesa da shi. Duka biyun ba haka suke ba, kuma wanda ya gina zaɓinsa a kansu zai sha mamaki tun a zangon farko.

Mu fara da inoganik. Filinsa kusan duk teburin sinadarai ne, mai ɗauke da guda 118, in ka ware sarƙoƙin kabon da 'yan oganik suka riƙe. Tambayar da mai wannan fanni ke kwana da ita yake tashi da ita ita ce: yaya zan haɗa abin nan, kuma in na haɗa shi me zai iya yi?

Akwai wani ɗan gwaji da kusan kowane ɗalibi ke yi, wanda ya isa ya rushe zancen hadda. Ka zuba ruwan salfet ɗin jan ƙarfe a kwalbar gwaji, shuɗi ne mai haske. Ka riƙa ɗiga masa amoniya a hankali. Da farko ruwan zai gurɓace, wata laka mai shuɗi-shuɗi ta taru a ciki. Ka ci gaba da ɗigawa kana girgizawa, sai ka ga lakar ta narke, ruwan ya washe, ya koma shuɗi mai duhu sosai kamar an rina shi. Mai hadda zai rubuta "shuɗi mai duhu" ya wuce. Malamin inoganik kuwa ba launin yake tambaya ba, dalilin yake so. Molekul huɗu na amoniya sun ture na ruwa daga gefen jan ƙarfen, tazarar ƙarfi da ke tsakanin mazaunan elektiron ɗinsa ta ƙaru, don haka hasken da yake shanyewa ya sauya, wanda ya rage ya iso idonka ma ya sauya. Tushen wannan bayani yana cikin aikin da Hans Bethe ya wallafa a 1929, kuma Bethe masanin fiziks ne. Ka ga ke nan tun a kwalbar farko lissafin da ake gudu ya riga ya leƙo.

Wanda ya kafa harsashin fannin a siffarsa ta yau, Alfred Werner, yana da shekara 26 a birnin Zurik lokacin da ya fito da ra'ayinsa a 1893. Ya ce ƙarfen kobal yana zaune a tsakiya, abubuwa shida sun kewaye shi a kusurwoyin wata siffa mai kama da dala biyu da aka haɗa gindinsu. Ba shi da wata na'ura da zai gani da ita. Ƙirge ya yi. Ya ce in kobal na ɗauke da amoniya huɗu da kilorin biyu, siffar da yake faɗa za ta ba da nau'i biyu ne kawai, alhali in abubuwan shida a shimfiɗe suke kamar zobe, nau'i uku za a samu. Nau'i na farko, kore, yana hannu. Na biyun, mai launin shunayya, sai a 1907 ya same shi, na uku kuwa bai taɓa bayyana ba. Ya karɓi kyautar Nobel a 1913. Ina kawo wannan labari ne don ka ga irin tunanin da fannin ke so: hannu yana haɗawa, ƙwaƙwalwa tana juya siffa a sarari. Wanda ba ya iya rufe ido ya juya abu mai kusurwa shida a zuciyarsa zai wahala a inoganik fiye da wanda ba ya son hadda.

Kuma siffar nan ba ado ba ce. Maganin kansar nan da ake kira sisfilatin filatinam ne guda, da kilorin biyu, da amoniya biyu. In kilorin biyun suna gefe ɗaya, magani ne, wanda Barnett Rosenberg ya gano tasirinsa a kan ƙwayoyin halitta a 1965, aka amince da shi a Amurka a 1978. In suna fuskantar juna, kayan haɗin ba su sauya ba ko kaɗan, amma ba ya yin aikin da ake nema.

To yaya ranar mai inoganik take? A tsaye take. Da yawa daga cikin sinadaran da ake haɗawa a bincike ba sa jure iska ko danshi, don haka ana aiki da layin gilashi mai famfuna da ake kira layin Schlenk, ana zuƙe iska ana cika kwalba da naitirojin ko agon, ko kuma a zura hannu cikin dogayen safunan roba na akwatin da aka rufe ruf. Na taɓa yin kwana shida ina lallaɓa wani ruwa ja mai kyau, daga tacewa zuwa busarwa. Na bar shi ya kwana, da safe na tarar ya zama ruwan ƙasa mai dauɗa, saboda famfo ɗaya bai ɗauru sosai ba, iska ta sulale ta shiga. Babu gyara, sai dai a wanke kwalba a koma farko. Wannan ita ce irin asarar fannin: takan zo dare ɗaya, takan tafi da aikin mako. Amma daɗinsa ma haka yake, a ido ake ganinsa. Ranar da ka buɗe firij ka hangi ƙananan kiristal suna ƙyalli a bangon kwalba, na abin da watakila ba wanda ya taɓa haɗawa kafin kai, ba za ka manta da ita ba.

Mai binciken tsari kuwa tambayarsa daban ce: ta yaya muka san haka abin yake? Kai ka ce ka haɗa abu kaza, shi kuma ya ce kawo mu auna.

Fannin ya samu ƙafa ne a 1912, lokacin da Max von Laue da abokan aikinsa a Jamus suka nuna cewa in aka haska kiristal da hasken eks-re, hasken yakan tarwatse ya bar ɗigo-ɗigo masu tsari a kan faifan hoto. Nan da nan William Henry Bragg da ɗansa Lawrence a Ingila suka gano yadda za a karanta ɗigon. A 1913 suka fitar da tsarin gishiri, kuma abin da suka samu ya girgiza masana: babu wani molekul na gishiri da ke zaune shi kaɗai, kowane sodiyam yana kewaye da kilorin shida, kowane kilorin yana kewaye da sodiyam shida, haka har ƙarshen kiristal ɗin. Uba da ɗa suka raba kyautar Nobel ta 1915, Lawrence yana da shekara 25.

Dalilin da ya sa eks-re ya dace da aikin mai sauƙi ne. Tsawon zangon hasken da ake samu daga jan ƙarfe angistiram 1.54 ne (angistiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan goma na milimita), kusan daidai da tazarar da ke tsakanin kabon biyu a cikin lu'ulu'u. Ma'aunin ya yi daidai da abin aunawa. Wahalar tana wani wuri. Na'ura tana iya gaya maka ƙarfin kowane ɗigo, amma ba ta iya gaya maka inda igiyar hasken take a hawa da saukarta lokacin da ta iso, alhali sai da bayanan biyu ake iya zana taswirar elektiron. Rabin labarin ke nan ya ɓace a hanya, kuma kusan duk dabarun fannin an ƙirƙire su ne don a maido da wannan rabin. Dorothy Hodgkin ta warware tsarin fenisilin a 1945, na bitamin B12 a 1956, amma insulin sai da ya ci mata sama da shekara 30 kafin ta kammala a 1969. Herbert Hauptman da Jerome Karle sun karɓi Nobel a 1985 saboda hanyar lissafi da suka samar ta fito da ɓataccen bayanin kai tsaye daga ƙarfin ɗigon, kuma shi Hauptman masanin lissafi ne. Yau kwamfuta tana yin cikin daƙiƙoƙi abin da ya ci wa na farko shekaru, in molekul ɗin ƙarami ne kuma kiristal ɗin mai kyau ne.

Sai dai samun kiristal mai kyau shi ne aikin. Za ka zauna gaban madubin ƙara girma, ka zuba 'yan ƙwayoyi cikin ɗigon mai, ka riƙa jujjuya su da bakin allura kana neman guda ɗaya da ba ta tsage ba, ba ta manne da 'yar'uwarta ba, wadda girmanta bai kai rabin milimita ba. Ka ɗauke ta da ɗan madauki siriri, hannu na rawa, ka ɗora a kan na'ura inda iskar naitirojin mai sanyin kelbin 100, wato kusan digiri 173 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyos, ke busa ta don ƙwayoyin zarra su rage motsi. Sai ka koma gaban allo ka jira hoton farko. In ɗigon suka fito tas, zagaye, a ware da juna har bakin hoton, hankalinka ya kwanta. In suka fito a jirkice, ko biyu-biyu, ko suka zama zobba, ka san ka ɗauko tagwaye ko gari, sai a koma madubi. Bayan an tara bayanai kuma sauran aikin zama ne: kwanaki a gaban kwamfuta kana daidaita samfurin da ka zana da abin da aka auna, kana fama da wani ɓangare na molekul da ya ƙi zama wuri ɗaya. Asarar wannan fanni ba ta zuwa dare ɗaya. A hankali take cin mutum, lambar da ke nuna saɓanin samfurinka da abin da aka auna ce ta ƙi sauka, ba ka kuma san inda kuskuren yake ba. Kuma akwai haɗarin da ya fi wannan, wato ka samu hoto mai kyau wanda ba gaskiya ba ne, domin manhaja za ta karɓi naitirojin a inda kabon ya kamata ya zauna ba tare da ta yi ƙorafi sosai ba. Shi ya sa mai tsari da bai san kemistiri ba abin tsoro ne.

Ba eks-re kaɗai ba ne. A kwas ɗin za ka haɗu da hanyoyin da ke sauraron rawar molekul da juyawarsa ta hasken infirared da Raman da maikirowef, da na'urar maganaɗisu ta NMR, da ka'idar kwantam da ta taso daga lissafin Schrödinger na 1926. Ta irin waɗannan hanyoyi ne aka san cewa molekul ɗin ruwa a lanƙwashe yake da kusurwar digiri 104.5, na kabon dayoksaid kuma a miƙe yake sambal.

Yanzu batun lissafi, tunda shi ne dodon. Gaskiya fannin tsari yana son lissafi fiye da inoganik, ba ɓoye-ɓoye. Kana buƙatar kalkulas, da matiris, da lambobin da ke ɗauke da tushen ɗebe ɗaya, da dabarar Fourier ta wargaza igiya zuwa ƙananan igiyoyi a sake haɗa su. Amma ba lissafin masu lissafi ba ne na kafa hujja a kan hujja. Kayan aiki ne ƙididdigaggu da za ka yi ta maimaitawa har su zama jiki. Inoganik ma yana da nasa: ƙirgen elektiron, ma'aunin zafi da ƙarfi, lissafin musayar elektiron, sannan uwa-uba ilimin simetiri, wato nazarin yadda za ka juya siffa ko ka haska ta a madubi ta dawo kamar ba a taɓa ta ba. Simetirin nan shi ne gadar da ta haɗa fannonin biyu. Mai inoganik yana amfani da shi ya faɗi yawan layukan da molekul zai nuna a na'ura, mai tsari kuma yana amfani da shi ya gane wanne ne cikin tsare-tsare 230 da duk wani kiristal na yau da kullum dole ya faɗa cikin ɗayansu. Duk inda ka nufa, kada ka bari wannan kwas ya wuce ka.

Labarin ferosin ya nuna yadda fannonin suke jingine da juna. A 1951 masu bincike biyu, Kealy da Pauson, suka samu ferosin, wani gari mai ruwan lemo, na baƙin ƙarfe da zobban kabon biyu, mai juriyar zafi fiye da yadda kowa ya zata. Tsarin da suka zana masa ba daidai ba ne. A shekarar da ta biyo Geoffrey Wilkinson da Robert Woodward a Amurka, da Ernst Otto Fischer a Jamus, suka ce ƙarfen yana zaune ne a tsakiya, zobe ɗaya a samansa ɗaya a ƙasansa, eks-re kuma ya tabbatar. Daga gyaran wannan zane ne wani babban reshe na inoganik ya bunƙasa, Fischer da Wilkinson suka karɓi Nobel a 1973. Haka John Goodenough, wanda ya fito da sinadarin litiyam da kobal na batirin waya a 1980, digirinsa na uku a fiziks ne, amma a lokacin shi ke shugabantar ɗakin binciken inoganik na Jami'ar Oksfod. Abin da ya sa sinadarin ke aiki tsarinsa ne, hawa-hawa yake, litiyam yana shiga yana fita tsakanin hawayen ba tare da ginin ya rushe ba.

Akwai abin da ɗalibai ba su cika tambaya ba, alhali ya fi sunan kwas muhimmanci: wane kayan aiki sashen yake da shi, kuma yana aiki? Na'urar eks-re ta kiristal guda tana da tsada, riƙe ta ma yana da tsada, kuma sassa da yawa a duniya ba su da ita. In babu ita, babu kuma wata alaƙa da inda ake da ita, kwas ɗin tsari zai iya zama karatun allo kawai. Sai dai a nan akwai sauƙin da mutane ba su lura da shi ba. Bayanan fannin a tare suke. Rumbun tsare-tsare na Kambirij, wanda Olga Kennard ta kafa a 1965, ya haura tsari miliyan ɗaya a 2019, akwai kuma rumbunan da ake shiga kyauta. Manhajojin warware tsarin kiristal irin su SHELX da Olex2 ɗalibi yana samunsu ba da kuɗi ba. Da kwamfutar hannu da intanet za ka iya koyon rabin sana'ar, ka yi lissafin kwantam a kan ƙananan molekul, ka yi aikin kammala digiri mai ma'ana. Manyan cibiyoyin samar da hasken eks-re mai ƙarfi kamar ESRF a Faransa, Diamond a Ingila, da SESAME da aka buɗe a Jodan a 2017, suna ba masu bincike lokaci ne bisa takardar neman da suka rubuta. Inoganik kuwa ba a koyonsa a kwamfuta. Ana iya yin kyakkyawan aiki da ƙarafan da ke jure iska da kayan gilashi na yau da kullum, amma in ka haɗa abu ba ka da inda za ka kai a tabbatar da shi, aikinka zai tsaya ne a "muna zaton". Don haka ka tambayi malamin da kake so kai tsaye: ina ɗalibanku na bara suka kai samfurinsu, kuma wata nawa suka jira sakamako? Ka nemi ɗaya daga cikin ɗaliban ma ka ji daga bakinsa.

Wajen aiki bayan karatu, ƙofofin inoganik sun fi yawa kuma sun fi faɗi: takin zamani, wanda har yau ya dogara da hanyar Haber da Bosch ta haɗa amoniya a kan baƙin ƙarfe tun masana'antar farko ta 1913, da siminti, gilashi, tace ma'adinai, tace ruwa, matatun mai, batira. Ƙofofin mai tsari ba su kai haka yawa ba, amma masu iya shigarsu ma kaɗan ne. Kamfanonin magani suna buƙatarsa domin magani ɗaya yakan yi kiristal iri biyu, ɗaya ya narke a jiki da sauri ɗaya ya ƙi. A 1998 sai da aka janye kafson maganin ritonabir na masu cutar ƙanjamau daga kasuwa na wani lokaci, saboda wani sabon nau'in kiristal da ba ya narkewa sosai ya ɓullo. Masana'antun siminti da na ma'adinai suna auna garinsu da eks-re kullum. Ga kuma ribar da ke biyo baya: wanda ya saba da lissafi da rubuta manhaja yana iya sauya sheƙa zuwa wani fanni cikin sauƙi.

In ka tambaye ni, ga inda na tsaya. Wanda ya san hannunsa na ƙaiƙayi, wanda sauyin launi a kwalba ke sa shi murna, wanda zama awa shida gaban allo ke ƙona masa rai, ya tafi inoganik kansa tsaye, amma ya ɗauki kwas ɗin simetiri da na eks-re ko da ba dole ba ne, domin watarana za a miƙo masa tsarin abin da ya haɗa, kuma ya kamata ya iya gane ko an yi daidai. Wanda kuwa har yanzu yake tsakiya, fannonin biyu suna jan sa daidai wa daida, kuma abin da ke hana shi tsari tsoron lissafi ne kawai ba ƙiyayya ba, shawarata ya bi tsari. Dalilina shi ne aikin hannu ana koyonsa a duk ɗakin gwajin da ka shiga, domin akwai na gaba da kai da zai tsaya a kanka har ka iya ɗaure famfo da tace ruwa ba iska. Amma da wuya ka samu wanda zai zaunar da kai a wurin aiki ya koya maka Fourier daga tushe. Jami'a ce wurin wannan, lokacin da kake da malami, da abokan karatu, da zango guda cur na yin kuskure. Sharaɗin kawai shi ne kada ka yanke hulɗa da ɗakin gwaji, ka roƙi a ba ka aikin da kai za ka haɗa sinadarin kuma kai za ka auna shi.

Kafin ka cika fom ɗin, ka ba kanka mako biyu. A na farko ka nemi izinin zama a ɗakin masu haɗa sinadarai, ka wanke musu kwalabe, ka kalli yadda yininsu ke tafiya har zuwa lokacin tashi. A na biyu ka samo ƙwallayen roba da tsinke ka gina ruwa, amoniya, mitan da ferosin, ka nemo duk layin da za ka juya kowannensu a kai da duk madubin da zai raba shi biyu, sannan ka sauko da bayanan wani kiristal daga rumbun kyauta ka gwada warware shi da kanka. Mitan yana da hanyoyi 24 na komawa kamanninsa. Ka lura da kanka lokacin da ka kai na goma sha biyar ka maƙale: ko ka ture ƙwallayen gefe, ko ka ɗauko takarda ka fara zana su.